Azumin da Muka Hana a Sayar da Ta Hagu

Azumin bana ya sake faɗowa cikin bazara, irin zafin da ko kaza ba ta son fitowa tsakar gida. In na taso daga makarantar da nake koyarwa a nan Tudun Wada, barci ba ya zuwa, karatu ba ya shiga, sai in shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya in ɗauki waya. Malam Nura, mai koyar da lissafi a makarantarmu, shi ya jefa ni cikin wani wasan intanet na kiwon dawaki. Mutum ya mallaki godiya, ya haɗa ta da ingarma, ta haihu, ya reni ɗan, ya shigar da shi gasa da dawakin mutanen da bai taɓa gani ba. Mace mai jikoki biyu tana kiwon dokin waya, na san abin dariya ne, kuma duk mai dariya ya yi abarsa.

Kowane doki a wasan yana da makinsa a jere: sauri, ƙarfi, juriya, ladabi, kyan sura. Akwai wata godiya tawa da kullum take zuwa ta ƙarshe a gasa, alhali in na haɗa makinta ba ta fi sauran lalacewa ba. Da abin ya ishe ni, na kai wa Malam Nura wayar a ofishin malamai.

Ya duba, ya yi murmushin nan nasa na masu lissafi. Ya ce, "Malama Rabi, ke jimilla kike kallo, su kuwa ba ita suke kallo ba. Kowace gasa da abin da take aunawa. Wannan da kike sa ta ta nuni ce, sura da taku ake ninkawa. Juriyar da godiyarki ta tara, ko leƙa ta ba sa yi."

Na ce, "To, sai yaya?"

Ya ce, "Sai ki sallame ta mana. Ga wurin dannawa nan. Wuri kawai take tare miki a barga."

Na fizge wayata har ya tsorata. Bawan Allah, bai yi laifin komai ba, bayani ya yi mini, kuma daidai ya yi shi. Abin da bai sani ba shi ne na taɓa jin irin wannan magana a kan godiya mai jini da tsoka, a wani azumi mai zafi kamar wannan, shekara talatin da 'yan kai da suka wuce.

A lokacin ina 'yar shekara goma sha huɗu, muna zaune a ƙauyenmu da ke kan hanyar Doguwa. Daminar da ta wuce ta yi mana gardama. Ruwan sama ya ɗauke lokacin da dawa take cikin fidda kai, abin da muka girbe bai kai rabin rumbu ba, kafin azumi ya kama har mun fara jin ƙasan rumbun da hannu. Abin da ya rage mana shi ne rake a fadama da injin matse shi. Mu masu mazarƙwaila ne tun kakanni. Injin ƙarfe ne mai haƙora, an kafa shi a tsakiyar fili, da doguwar sanda a samansa. A ɗaura doki a ƙarshen sandar, ya yi ta zagaye, mutum ɗaya yana tura rake cikin bakin injin, ruwan yana zuba a garwa, a dafa shi a babban kaskon ƙarfe har ya yi kauri, a zuba a ƙananan kwanuka ya daskare.

Mai juya mana injin wata tsohuwar godiya ce, ja mai duhu, mai faɗin ciki. Shekara tara tana zagaye ta ɓangare ɗaya, har wuyanta ya karkace, shi ya sa muke ce mata Ta Hagu. Ni nake kora ta tun ina 'yar shekara tara, don ni ce babba a gidan, kuma duk ƙannena mata ne ƙanana. Ni nake ba ta dusa, ni nake kai ta rafi. Na san ta fiye da yadda na san wasu 'yan uwana.

Ranar uku ga azumi, inji ya kama hannun Baba na dama. Ba zan ba da labarin abin da na gani ba. Na dai tsayar da Ta Hagu da ihu ɗaya, ta kuma tsaya cak, da ba ta tsaya ba da har kafaɗa za a yi magana. Aka kai shi asibiti, ya dawo bayan kwana biyar da yatsu biyu a hannun, an naɗe shi da farin ƙyalle, ya rame, idonsa ya faɗa. Rake kuwa yana nan tsaye a fadama, kusan kashi ɗaya cikin uku, rana tana tsotse masa ruwa kullum. Raken bazara ba ya jiran mai jinya.

Sai Baffa Sale, yayan Baba, ya zo. Fadamar da godiyar duk gadonsu ne su biyu, don haka yana da bakin magana. Ya zauna a ƙofar ɗakin Baba, ya yi jaje, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. A sayar da godiyar a sayi hatsi, raken kuma a sayar da shi a tsaye ga duk wanda ya taya. Ya ce ba namiji a gidan da zai riƙe inji, shi kuma ga nasa iyalin.

Inna tana daga bakin murhu ta ce, "Yaya, a gafarce ni. Kuɗin tsohuwar godiya wata nawa zai ciyar da mu? Raken da rana ta fara ci, wa zai saya da daraja? In aka matse shi kuwa, zai kai mu har sabon hatsi."

Baffa ya ce, "Wa zai matse? Ke?"

Ta ce, "Ni da yarinyar nan." Inna ba ta faɗin sunana, ni ce 'yar fari.

Baffa ya yi dariya, ba ta mugunta ba, irin dariyar da ake yi wa yaro in ya ce zai ɗauki turmi. Wannan dariyar ta fi zagi ciwo. Ya miƙe ya kaɗe riga, ya ce jibi dillali zai zo da mai saye. Baba ya juya fuska ga bango, ni kuwa na ji haushinsa ranar, Allah ya yafe mini.

Jibin suka zo da hantsi, Baffa yana gaba. Dillalin wani dogo ne daga kasuwar Tudun Wada, mai carbi a wuya da baki kamar rediyo. Mai sayen dattijo ne daga wajen Kiru, yana neman godiya mai hankali da zai riƙa hawa zuwa gonarsa ta nesa. Mutanen unguwa suka taru a inuwar tsamiya, azumi ya hana su aiki amma bai hana su kallo ba. Dillali ya buɗe bakin Ta Hagu ya ƙirga haƙora, ya ɗaga kofato ɗaya bayan ɗaya, ya shafa bayanta, ya bi inda gashi ya murɗe a goshinta da wuyanta yana gyaɗa kai. Duk abin da ya taɓa sai ya yanke masa hukunci da ƙarfi don mai saye ya ji. Haƙora sun tsufa amma da saura. Kofato lafiya. Ƙirji madalla. Ina tsaye riƙe da igiya ina jin yadda ake auna ta gaɓa-gaɓa, ba wanda ya tambayi awa nawa take iya yi a rana ba ta tsaya ba, don ba wannan suka zo saye ba.

Dattijon ya gamsu, na gani a fuskarsa. Ya ce saura abu ɗaya, yana so ya ga tafiyarta. Dillali ya fita tsakiyar fili ya tsaya, ya ce, "Yarinya, ja ta nan zuwa bakin hanya mu gani."

To, ga abin da ni na sani. In ka tsaya a gefen kuncinta na hagu, ka riƙe igiya gajere, kafaɗarka tana taɓa wuyanta, Ta Hagu za ta yi tafiya miƙe har Kano in ka ga dama. Haka nake kai ta rafi kullum, kuma Baffa ya sha ganina. Amma in ka saki igiya ta yi tsawo, ka koma bayanta, ka yi mata ɗan tsakin nan da nake yi a wurin inji, to aiki ka ce ta yi.

Na saki igiyar. Na koma baya. Na yi tsakin.

Ta Hagu ta sunkuyar da kai, ta karkata, ta fara zagaye dillali. A hankali, da natsuwa, taku bayan taku, kamar shi ne injin. Ya juya yana bin ta da kallo, ta sake zagayowa. Ya ce, "Kai! Ke, miƙar da ita!" Na ce, "Ina ja, Baba, ita ce ba ta zuwa." A zagaye na uku igiya ta fara naɗe masa riga, ya yi tsalle ya fice, hularsa ta faɗi. Mutanen gindin tsamiya suka fashe da dariya har wani tsoho yana tari. Dattijon Kiru ya tafa hannu ya ce, "Subhanallahi. Ni gona nake son zuwa, ba zagayen gida ba." Ya yi sallama ya kama hanyarsa.

Baffa ya iso kaina hannunsa a sama. Ban gudu ba, ban kuma sunkuyar da kai ba. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi da Baba duk Iya suke kirana, ina jin wannan ne ya tsayar da hannun a iska. Ya ce, "Iya, ni za ki kunyata a gaban mutane?"

Na ce, "Baffa, cewa aka yi in ja ta, na kuma ja ta."

Ya ce, "To, ku ci godiyar. Kada wanda ya zo ƙofata in yunwa ta kama ku."

Ko azumina na ranar ya karɓu, Allah ne masani, na dai san bakina bai furta ƙarya mai yawa ba. Dillali kuwa ya gama mana sauran aikin ba da saninsa ba. Don ya wanke kansa, ya bi kasuwa yana cewa godiyar gidanmu taɓaɓɓiya ce, ba ta san gabas da yamma ba. Daga ranar ba wanda ya sake zuwa taya ta.

Nan fa wahala ta fara, don hana sayarwa abu ne mai sauƙi a kan abin da ya biyo baya. Da mun yi sahur da ɗan tuwon da ya kwana, mun yi sallar asuba, sai fadama. Ni da Inna da wasu maƙwabta mata biyu da suka yarda a biya su da mazarƙwaila, mu sari rake, mu ɗaure, mu ɗauko a ka. Ganyen rake yana yanka hannu kamar reza, in gumi ya shiga wurin sai ka ji kamar an zuba barkono. Kafin rana ta ɗaga sosai mun ɗaura Ta Hagu. Ranar farko Inna ta daɗe tsaye a gaban bakin injin da rake a hannu, ba ta tura ba. Ta san abin da ya ci kwana goma da suka wuce. Sai ta yi bisimilla, ta naɗe bakin mayafinta ta cusa a ɗamara, ta tura.

Rana ta uku Baba ya fito. Ya zauna a kan turmi kusa da kasko, hannunsa rataye a wuya, ya zama shi ne idonmu. Shi yake cewa a ƙara wuta, a kwashe kumfa, a sauke yanzu kafin ya ƙone. Bai taɓa yi mini maganar abin da na yi wa dillali ba, sai dai wata rana da na wuce ta gabansa ina kora, ya ce, "Iya, igiyar nan taki tana da tsawo." Ya kawar da kai yana ɓoye dariya, ita ce dariyarsa ta farko tun da ya dawo.

Wanda bai yi azumi a wurin inji ba bai san ƙishirwa ba. Ruwan rake yana zuba a gabanka tun safe, kore-kore, mai sanyi, da kumfa a kai, ƙamshinsa ya cika hanci, ƙudan zuma suna sha suna ƙoshi, kai kuwa ko yatsa ba ka isa ka lasa ba. Ga rana a sama, ga wutar kasko a gefe, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa. Leɓena ya tsage, harshena ya zama kamar ɓawon itace. Abin da ya fi ci mini rai shi ne lokacin shayar da Ta Hagu, don ita ba ta azumi. In kawo mata bokiti da azahar, in riƙe mata, ina kallon ruwan yana gangarawa a maƙogwaronta, ina jin ƙarar kowane haɗiya. Sau da yawa sai na rufe ido. Wasu ranakun gajimare ya taso ta bayan duwatsun Doguwa, ya yi duhu, mu ɗaga kai muna sa rai da ko iska mai sanyi, kafin la'asar ya watse ya bar mu da zufa.

In an kira magariba, kunun tsamiya ne tsararo da ƙanzon mazarƙwailar da muka kankare daga kasko, sai rogo in an samu. Mai kyan ba mu taɓa ta, ta kasuwa ce. Ƙannena sukan zauna suna kallon kwanukan da aka jera suna daskarewa, Inna tana kora su da ido. Mata masu wucewa rafi suna tsayawa su yi sannu, wasu da gaske, wasu don su je su ba da labarin matar da ta zama namiji. Inna takan amsa ba tare da ta ɗago ba, hannunta yana kan rake.

Harawa ta ƙare a tsakiyar wata, muka koma ba Ta Hagu kawunan rake da ɗan dusa da kanwa. Haƙarƙarinta suka fito ana ƙirgawa. Ranar ashirin da uku ga wata, rana tsaka, ta tsaya. Na yi tsaki, na yi lallashi, na kira sunanta, ƙafafunta suna rawa, ta ƙi motsi. Bulala tana rataye a jikin sanda, na dube ta, na kasa. Ni na hana a sayar da ita ga mutumin da zai riƙa hawanta sau ɗaya a rana ya ɗaure ta a inuwa, ni kuma na kawo ta nan. Wannan tunanin ya sa na fashe da kuka, ga ƙishirwa, ga kuka, hawayen ma da ƙyar suka fito.

Inna ta ajiye rake ta taso. Ta kira ɗaya daga cikin maƙwabtan ta karɓi bakin inji, ita kuma ta zo ta sa kafaɗarta a jikin sandar, bayan godiyar, ta ce, "Ke, zo nan." Na sa tawa. Muka tura. Sandar ta yi ƙara, ta motsa, Ta Hagu ta ji nauyi ya ragu, ta ɗaga ƙafa. Haka muka ƙarasa kwana huɗun da suka rage, mu uku a jikin sanda ɗaya, muna hutawa duk bayan ɗauri biyu. Har yau in hadari ya taso kafaɗata ta dama tana tuna mini.

Ranar ashirin da bakwai muka tura raken ƙarshe. Baba ya ari jakai biyu, ya bi su da hannu ɗaya zuwa kasuwar Tudun Wada. Da yake yawancin masu inji sun riga sun tashi, ga Sallah ta matso, mazarƙwailar ba ta yi wuni ba. Ya dawo da dawa a kan jakan, ya sake komawa ya ƙaro. Ta Hagu ta huta duk daminar, ta yi mana wasu shekaru biyu, ta mutu a turkenta, ba a hannun baƙo ba.

Godiyar wayar ma tana nan, ban sallame ta ba. Na bi bayanin Malam Nura na nemo gasar doguwar tafiya, inda juriya ake ninkawa, na sa ta. Ba ta zo ta ɗaya ba, tsakiya take zuwa, shi kuma yana ta yi mini tsiya a kai. Ya yi ta yi.

Safiyar Sallar waccan shekarar, bayan asuba, Inna ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta kwance bakin buhu, tana auna zakkar fidda kai, ta kowa da kowa har jaririyar da take goyo. Sai muka ji sallama. Baffa Sale ne, karo na farko da ya tako gidan tun ranar dillali. Ya sa sabuwar riga, yana riƙe da ƙwarya cike da dawa, an rufe ta da faifai. Zakkar gidansa ce ya kawo mana da kansa, don a lissafinsa mu ne mabuƙatan da suka fi kusa da shi. Ya shigo, ya ga buhu a buɗe, ya ga tulin da ke kan tabarma, ya ga mudu a hannun Inna. Ya tsaya da ƙwaryarsa, bai san inda zai sa ta ba.

Inna ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce, "Sannu da ɗawainiya, Yaya. Ajiye ta nan kusa da tamu. In yarinyar nan ta tashi kai wa masu buƙata, sai ta haɗa duka, tafiya ɗaya ce."

Baffa ya dubi Baba da ke zaune a ƙofar ɗaki, Baba ya dubi ƙasa. Baffa ya sunkuya a hankali ya ajiye ƙwaryar. Inna ta juye tasa a kan tamu cikin babban masaki, ta ɗora mini a ka. Kayan ya yi nauyi, wuyana har yana rawa, amma ta gabansa na bi na fita, ban kuma sa hannu na tallafe ba.